Leo Fender: Akantan da ya ƙare rayuwarsa yana neman tsabtataccen sauti

Wanda duk ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan zamani a wurin liyafa ko a majami'a, da wuya idonsa bai taɓa faɗawa kan aikin Leo Fender ba. Ko dai ya ga sunan a rubuce a kan jita, ko a fuskar akwatin da ke ƙara mata sauti, wato amfilifaya, ko kuma ya ga kwaikwayon siffarsu da wasu kamfanoni suka yi. Mai sunan, Clarence Leonidas Fender, bai iya kaɗa jita ba har ya bar duniya, bai kuma taɓa zama a ajin koyon injiniyanci ba. Aikin akanta ya karanta, ya kuma yi wa gwamnatin jiharsu aiki har ranar da aka sallame shi. Daga nan ya kama hanyar da ya bi fiye da shekara hamsin, da buri guda a ransa: ya ƙera na'urar da za ta ɗaga sautin jita ya cika ɗaki ba tare da ya fashe ba. Ya cimma burin a 1963, amma kafin lokacin wani ɓangare na makaɗa ya riga ya kamu da son fashewar da yake gudu.

An haife shi ranar 10 ga Agusta, 1909, a gonar lemo ta iyayensa da ke tsakanin garuruwan Anaheim da Fullerton a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka. Yana ɗan shekara takwas wani ƙari ya fito masa a idon hagu, aka cire idon aka sa masa na gilashi. Wannan lalura ce daga baya ta hana a ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka kwashi sa'o'insa zuwa fagen daga. Ya ɗan taɓa fiyano da saksofon yana yaro, amma ba su zauna masa ba. Abin da ya tafi da hankalinsa shi ne wata rediyo da kawunsa John West, mai shagon gyaran wayoyin mota a Santa Maria, ya harhaɗa da tarkacen kayan gyara. Daga dawowarsa gida ya fara kwance rediyoyi yana mayarwa, har maƙwabta suka soma kawo masa nasu.

Ya gama sakandare a Fullerton a 1928, ya shiga ƙaramar kwalejin garin ya karanta aikin akanta. Aikinsa na farko a wani kamfanin ƙanƙara ne a Anaheim, inda ya fara da kai kaya kafin a ba shi riƙon littafin kuɗi. A gefe guda kuma yana haɗa wa makaɗa lasifikokin taro, waɗanda ake amfani da su a gidajen rawa. A 1934 ya auri Esther Klosky, ya kuma samu aikin akanta a hukumar kula da hanyoyi ta jihar Kalifoniya a garin San Luis Obispo. Lokacin Amurka na cikin matsanancin karayar tattalin arziki. Wani sauyi da aka yi a hukumar ya yi awon gaba da kujerarsa. Ya koma wani kamfanin tayoyi, bayan wata shida nan ma aka sallame shi tare da sauran akantoci. A 1938 ya ranto dala 600, ya koma Fullerton da matarsa, ya buɗe shagon gyaran rediyo mai suna Fender Radio Service.

Abin da mai gyara yake gani

Mai ƙera kaya yakan gan su ne ranar da suka fito sababbi, mai gyara kuwa sai ranar da suka mutu. Shekarun da Fender ya yi a bakin tebur yana duba amfilifayoyin da makaɗa suke kawo masa sun koya masa inda kowace take karyewa: wayar da zafi ya cinye, akwatin da ya tsage a bayan mota, da kayan da aka cusa a lungun da hannu ba ya kaiwa. Kusan duk abin da ya ƙera daga baya yana ɗauke da alamar wannan darasi.

A shagon ne ya haɗu da Clayton Orr Kauffman, wanda ake kira Doc, makaɗi kuma mai ƙirƙira da ya taɓa aiki da kamfanin Rickenbacker, kamfanin da ya fitar da jitar lantarki kasuwa tun farkon shekarun 1930. A 1945 suka kafa kamfanin K&F, suna ƙera jitar Hawayi, wadda ake kwantarwa a kan cinya ana goga mata ƙarfe, suna sayar da ita haɗe da ƙaramar amfilifaya. Da Fender ya nemi a faɗaɗa harkar, Kauffman ya ji tsoron bashi, ya janye a farkon 1946. Suka rabu lafiya, kamfanin ya koma sunan Fender shi kaɗai.

Yana da kyau a san su wane ne abokan cinikinsa na farko, domin su ne suka tsara masa kunne. Makaɗan karkarar Amurka ne, irin ƙungiyar Bob Wills, masu wasa a manyan ɗakunan rawa cike da hayaniya. Jitar Hawayi tana da siririn amo mai tsawo, kuma kyanta duka yana ga fitowarsa garau. Idan sautin ya yi kaushi, to ya lalace. A wajen waɗannan mutane, da kuma a wajen tsohon mai gyaran rediyo, kaushin sauti ciwo ne da ake neman maganinsa.

Zanen na'urorinsa na farko ba sirri ba ne. Ya ɗauko su daga littattafan da kamfanin RCA yake bugawa don masu amfani da bawul ɗinsa, da kuma fasahar kamfanin Western Electric, wanda ake ambatar lasisinsa a takardar da ke manne cikin akwatunan. Bawul shi ne wannan ƙwan gilashi mai kama da ƙwan lantarki da ake gani yana ja a cikin tsofaffin rediyoyi, wanda ke karɓar ƙaramar siginar lantarki ya mayar da ita babba. Gudummawar Fender tana wajen yadda ya zaunar da kayan. Ya jera su a kan allo mai ramuka da aka liƙe da dalma, ta yadda mai gyara zai bi layi da ido ya ga abin da ya ƙone. Ya yi akwatin da katako mai haɗin haƙora a kusurwa, daga 1948 kuma ya soma lulluɓe shi da wani yadi mai ruwan ɗorawa irin na akwatunan tafiya, wanda ya ba wa amfilifayoyin wannan zamani sunan da ake kiran su da shi har yau, Tweed. Mata ne akasari suke haɗa wayoyin da hannu, kuma sukan rubuta sunansu a ɗan ƙyallen takarda su manna a ciki.

Haka ya yi wa jitar ma. Jitar lantarki ta lokacin mai rami ce a ciki, idan aka ƙara murya sai ramin ya kama sautin lasifika ya mayar, ta ɓarke da kuka. Fender ya yanko katako curi guda, ya ɗaura masa wuya da kusoshi huɗu, don in wuyan ya lanƙwashe a kwance shi a sa wani. A 1950 ta fito da sunan Esquire da Broadcaster, sai kamfanin Gretsch ya yi ƙorafi saboda yana da ganguna masu suna makamancin wannan, aka mayar da ita Telecaster a 1951. A shekarar ce kuma ya fitar da Precision Bass, mai babbar murya, sannan Stratocaster a 1954. Ba shi ne farkon wanda ya yi tunanin jita marar rami ba, domin Les Paul da Paul Bigsby sun riga shi gwadawa. Shi ne dai farkon wanda ya mayar da ita abin da masana'anta za ta riƙa fitarwa da yawa. Don Randall ne ya riƙe ɓangaren sayarwa, yawancin sunayen kayan ma shi ya raɗa su, George Fullerton da Freddie Tavares kuma suna tare da Fender a wajen zane, Forrest White yana kula da masana'anta.

Rarar ƙarfi

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin ba za a fahimci sauran tarihin mutumin ba sai an fahimci matsalar da ya yi ta kokawa da ita. Idan makaɗi ya daki tsirkiya, sautin yakan fito da ƙarfi sosai a ƙiftawar farko, sannan ya sauka ya ci gaba a hankali. Wannan bugun farko yana neman ƙarfin lantarki ninki da yawa fiye da abin da ke biyo bayansa. Amfilifaya kuwa tana da iyakar abin da za ta iya bayarwa. Tazarar da ke tsakanin ƙarfin da ake amfani da shi a kai a kai da wannan iyaka ita ce rarar ƙarfi. Akanta ba zai sha wahalar gane ta ba: kasafin da aka tsara daidai da albashi, ba ko kwabo a gefe, yana tafiya lafiya har ranar da rashin lafiya ko kuɗin makaranta ya faɗo. Idan bugun ya wuce iyaka, sai na'urar ta aske kan sautin, abin da ya fito ya zama mai kaushi, kamar muryar wanda ya kwana yana shela.

Bawul yana da hali na musamman a wannan gaɓa. Ba ya yanke sautin farat ɗaya, a hankali yake danne shi, yana ƙara masa kauri kafin ya kai ga fashewa. Akwai kuma wani bawul ɗin dabam a cikin tsofaffin amfilifayoyi wanda aikinsa tace wutar da ke shigowa. Idan aka nemi ƙarfi da yawa lokaci guda, wutar takan ɗan faɗi sannan ta dawo. Mai ƙaramin janareto a gida ya san irin wannan, yadda ƙwai suke dusashewa na ɗan lokaci idan firji ya tashi. A kunne, wannan faɗuwa takan sa bugun tsirkiya ya yi laushi, sautin kuma ya yi kamar yana kumbura bayan an kaɗa.

Ƙananan amfilifayoyin Fender na shekarun 1950 suna cike da waɗannan halaye. Champ, wadda aka yi domin ɗalibai, bawul 6V6 guda ɗaya ke tura ta, ƙarfinta wajen wat biyar, lasifikarta inci shida ko takwas, maɓallinta ɗaya tak. Deluxe ta tsakanin 1955 da 1960 tana da 6V6 guda biyu da lasifika inci 12, ƙarfinta bai wuce wat 12 zuwa 15 ba. Lambobin maɓallinta sun kai 12, amma tun kafin a kai rabi sautin ya daina ƙaruwa, sai dai ya ƙara kauri da kaushi. A idon Fender wannan gazawa ce da ƙaramin farashi ya tilasta, kuma kowane sabon zane da ya yi yunƙuri ne na matsar da iyakar gaba.

Ya bi hanyoyi da dama. Ya ɗaga ƙarfin wutar da ke shiga bawul. Ya koma ga manyan bawul irin 6L6 da 5881. Ya ƙara girman taransifomar da ke miƙa sauti ga lasifika. Ya riƙa ɗebo kaɗan daga sautin da ke fita yana mayar da shi baya a juye, dabarar da ke goge wani ɓangare na kaushin. Ya kuma ƙara yawan lasifikoki. Twin ta fito a 1952 da guda biyu. Bassman, wadda aka yi domin Precision Bass, ta koma mai lasifika huɗu masu inci 10, kuma samfurinta na 1959, mai wat 40 da ɗoriya, masu jita suka ƙwace shi daga hannun waɗanda aka yi dominsu.

Wanda ya fi matsa masa lamba shi ne Dick Dale, matashin da ke wasa a ɗakin rawa na Rendezvous da ke Balboa a gaban dubban matasa. Dale yana dukan tsirkiyoyi masu kauri da ƙarfin tsiya, ya kuma ƙona amfilifayoyi da lasifikoki da dama da Fender ya ba shi. Maimakon ya ce masa ya rage hannu, Fender ya je wurin wasan ya ji da kunnensa, ya koma ya ƙera Showman a wajen 1960, da sabuwar taransifoma da lasifikar JBL mai inci 15. A wannan tsakanin ne ya mayar da maɓallai gaban akwati, domin makaɗa sun daina ajiye amfilifaya a gabansu, sun koma ajiye ta a baya. A 1961 ya fitar da na'urar amsa-kuwwa mai amfani da sifirin, bisa lasisin kamfanin Hammond.

Ƙarshen wannan tafiya shi ne jerin amfilifayoyi masu baƙar fuska da suka fara fitowa a 1963. Babbarsu a wajen masu jita, Twin Reverb, tana da 6L6 guda huɗu, lasifika biyu masu inci 12, da wat 85. An cire mata bawul ɗin tace wuta an sa ƙananan na'urori marasa gilashi, saboda haka wutarta ba ta faɗuwa. An kuma rage mata tsakiyar amo, aka bar sama da ƙasa, abin da ya sa sautinta yake fita kamar ƙarar gilashi. Mutum zai iya ƙure ta har kunne ya yi zafi ba ta fashe ba. Wannan shi ne abin da yaron gonar lemo ya fita nema.

Abin da ya guda ya zama abin nema

Sai dai duniyar kiɗa ba ta jira shi ba. Tun a 1951 aka ɗauki waƙar Rocket 88 a Memphis da amfilifayar da lasifikarta ta lalace, aka kuma bar kaushin a cikin faifan. Makaɗan bulus na Shikago sun daɗe suna ƙure ƙananan na'urorinsu don su ji wannan gurnani. A 1962 kamfanin Gibson ya fitar da wani ɗan akwati mai suna Fuzz-Tone wanda ba shi da aiki sai ɓata sauti da gangan, kuma bayan Rolling Stones sun yi amfani da shi a 1965 aka yi rububinsa.

A 1962 ɗin ne kuma wani mai shagon kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta Landan, Jim Marshall, tare da Ken Bran da Dudley Craven, suka buɗe Bassman suka kwafi zanenta kusan layi da layi, saboda shigo da ita daga Amurka yana da tsada. Kayan da suka samu a Ingila sun bambanta. Bawul ɗin farko da suka sa ya fi ƙarfin turawa, lasifikokin Celestion ne masu inci 12 a rufaffen akwati. Abin da ya fito, JTM45, ya fi saurin fashewa, kuma matasan Ingila suka ce abin da suke so ke nan. Ta haka zanen mutumin da ya fi kowa ƙin kaushi ya zama kakan amfilifayoyin da suka fi kowanne gurnani.

A ganina, a nan ne ake yawan yi wa Fender gurguwar fahimta, a ɗauke shi tamkar wanda sa'a ta faɗo wa. Ƙananan na'urorinsa ba su yi daɗin fashewa don kuskure ba. Ya yi su ne da kaya kaɗan masu inganci, da gajeriyar hanya tsakanin jita da lasifika, shi ya sa ko da aka tura su inda bai nufa ba suka riƙe mutuncinsu. Neil Young ya shafe shekaru da dama yana wasa a manyan filaye da tsohuwar Deluxe ta 1959, ana sa mata makirfo. Larry Carlton da irinta ya ɗauki kiɗan da ya yi a waƙar Kid Charlemagne ta Steely Dan a 1976. Ana kuma danganta amon jitar Eric Clapton a faifan Layla na 1970 da 'yar ƙaramar Champ.

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan mai sauƙi ne, ko da yake yana ba mai saye mamaki. Kunne ba ya jin ƙarfin sauti daidai da yawan wat. Ninka wat sau biyu yana ƙara desibel uku ne kacal, bambancin da ake ji amma ba mai yawa ba. Kafin a ji kamar sauti ya ninka, sai an ninka wat wajen sau goma. Saboda haka wat biyar ba kashi ɗaya cikin goma na ƙarar wat 50 ba ne, kusan rabinta ne. Tsakanin Twin Reverb mai wat 85 da Deluxe Reverb mai wat 22, wadda ita ma a 1963 ta fito, tazarar ba ta kai desibel shida cif ba. Abin da ƙarin wat yake saya wa mutum shi ne rara, wato nisan da zai tafi kafin sautin ya soma kaushi. Ingancin lasifika ma yana shiga lissafin, domin lasifikar da ta fi wata da desibel uku daidai take da ninka ƙarfin na'urar.

Wannan ne ya sa zaɓen ƙaramar amfilifaya ya zama tambaya ce ta inda mutum yake son iyakar ta same shi. Champ tana kai wa iyakarta a ƙarar da ɗaki zai ɗauka, amma da zarar mai ganga ya zauna, ta nutse. Princeton Reverb ta 1964, mai wat 12 da lasifika inci 10, tana ba da tsabtataccen amo a ɗakin ɗaukar sauti da ƙaramin taro, ƙasan muryarta ne yake fara saki idan aka matsa mata. Deluxe Reverb ta zauna a tsakiya. Fender ya tura wa 6V6 ɗinta biyu wutar da ta haura bolt 400, sama da abin da littafin masu ƙera bawul ɗin ya ba da shawara, ya tatso wat 22. Tana tsayawa garau kusa da mai ganga mai matsakaicin hannu, in aka ƙara kaɗan kuma ta soma kauri, ta yadda makaɗi zai iya tsallaka iyakar ya dawo da ƙarfin yatsunsa kawai. Nauyinta bai kai kilo 20 ba, alhali Twin tana dab da kilo 30, kuma wanda ya taɓa hawa bene da ita ba ya mantawa. Da aka samu manyan lasifikokin taro masu ɗaukar sauti ta makirfo, dalilin da ya haifi Showman da Twin ya ragu ƙwarai, sai ga mai jitar Hawayi ko mai kiɗan da ke buƙatar kowace tsirkiya ta fito daban komai ƙara. Irin wannan buƙata ba baƙuwa ba ce a nan gida, ga duk wanda ya saurari yadda jita da yawa suke saƙa amo a kiɗan juju na King Sunny Ade, inda Demola Adepoju ya kaɗa jitar ƙarfe. Mai sayen tsohuwar Fender da aka yi don kasuwar Amurka kuma ya tuna cewa wutar can ba ta wuce bolt 120 ba, tamu kuwa 230 ce, sai da taransifomar rage wuta.

Dala miliyan 13

A daidai lokacin da kamfanin yake kan ganiyarsa, jikin mai shi ya soma ba shi matsala. Wata cuta ta kama masa hanyoyin hanci ta ƙi jin magani shekara da shekaru, har ya soma tunanin kwanansa sun kusa ƙarewa. Ga kamfani ya yi girman da ya fi ƙarfin mutumin da ya fi son zama shi kaɗai a ɗakin gwaji, da sukundireba a aljihun riga. Randall ya jagoranci ciniki, a watan Janairun 1965 kamfanin watsa labarai na CBS ya saye Fender a kan dala miliyan 13, fiye da abin da ya biya a shekarar da ta gabata don mallakar mafi yawan hannun jarin ƙungiyar wasan New York Yankees. Yarjejeniyar ta hana Fender yin gogayya da tsohon kamfaninsa har shekara goma. Bai daɗe da sayarwa ba ya canza likita, ya warke.

Sababbin masu kamfanin suka ɗauki burinsa na tsabta suka bi shi ta hanyar da bai bi ba. A 1966 suka fitar da amfilifayoyi masu taranzista, waɗanda a takarda suka fi bawul sauƙi da tsabta. Makaɗa suka ƙi su, saboda amonsu busasshe ne, suna saurin lalacewa, gyaransu kuma wahala. Daga 1968 aka sauya fuskar masu bawul zuwa ruwan azurfa, aka taɓa zanen wasunsu, daga baya aka ɗaga Twin zuwa wat 100, sannan 135. Ƙarfi ya ƙaru, amma masu saye suka soma bin shagunan tsofaffin kaya suna neman waɗanda aka yi kafin CBS. Ƙananan samfura irin Princeton da Deluxe Reverb sun fi tsira, domin ba a cika taɓa cikinsu ba. A 1985 CBS ya sayar da kamfanin ga wasu ma'aikatansa ƙarƙashin jagorancin Bill Schultz, kuma ɗaya daga cikin matakan da suka dawo da martabarsa shi ne sake ƙera Bassman ta 1959 a 1990, daga baya aka bi da Twin Reverb da Deluxe Reverb na tsohon zane.

Shi kuwa Fender kuɗi bai sauya masa tsarin rayuwa ba, in ban da sha'awar jiragen ruwa da kyamarori. Ya zuba jari a kamfanin da tsofaffin abokan aikinsa Forrest White da Tom Walker suka kafa a 1971, wanda ya zama Music Man, kuma da wa'adin shekara goma ya cika a 1975 ya fito fili ya zama shugabansa. A can ya zana StingRay a 1976. Amfilifayoyin Music Man, waɗanda akasari aikin Walker ne, sun haɗa taranzista a gaba da bawul a baya, kuma su ma an san su da ƙarfi da tsabtar amo. Matarsa Esther ta rasu a 1979 bayan fama da ciwon daji, ya sake aure a 1980 da Phyllis. A wannan tsakanin ne ya kafa kamfaninsa na ƙarshe tare da George Fullerton da Dale Hyatt, suka sa masa suna G&L daga haruffan farko na George da Leo. Jita kaɗai suka riƙa ƙerawa a can, a wani titi na Fullerton mai suna Fender Avenue.

A shekarunsa na ƙarshe cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, ta kama shi, ta rage masa magana da ƙarfin hannu, amma bai daina zuwa ɗakin gwajinsa ba har jajibirin rasuwarsa. Ya rasu ranar 21 ga Maris, 1991, a Fullerton, yana da shekara 81, aka binne shi a maƙabartar Fairhaven da ke Santa Ana, kusa da Esther. A 1992 aka sanya sunansa a zauren karrama gwanayen kiɗan rok da ke Amurka, a 2009 kuma aka ba shi lambar Grammy ta fasaha. Ma'aikatan G&L sun rufe ofishinsa sun bar shi shekaru da dama yadda ya tashi ya bar shi, da kayan aunawa da guntayen wayoyi a kan teburin.